Katin da Zai Dawo da Ɓaleri

Assalamu alaikum Hajiya Ramlatu,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na san filin nan naki na maganar aure ne da rikicin gida da tarbiyya, kuma na san da kin ga farkon wasiƙar nan za ki ce wannan kuma wane marar aikin yi ne, ƙato da gemu yana tambaya a kan kayan wasa. Amma na taɓa karanta inda kika ce kin shekara goma sha huɗu kina riƙe da shagon kwamfuta a Kano kafin ki fara rubutu a jarida, shi ya sa na ce in akwai mai gane ni, to ke ce. Ki yi haƙuri da tsawon zancen. Ni malamin firamare ne, ba mu iya gajerta magana ba.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta da katin hotonta ya ƙone, wato abin nan mai fanka da ake sokawa a cikinta, wanda shi ke fito da hoton wasa a kan allo. Jabiru, mai gyaran kwamfuta a Rano, ya samo min guda biyu, duka na hannu, kuma farashinsu ba wani nisa a tsakani, don haka ba maganar kuɗi ba ce. Ɗaya GTX 750 Ti ne mai gig biyu, irin wanda ya ƙone ɗin sak. Ɗayan kuma RX 580 ne mai gig takwas, ƙato mai fanka biyu, sai ka ce bulo. Yau wata biyu cur suna kwance a durowar Jabiru, na kasa zaɓar ɗaya. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ya ce shi fa ya gaji, in ban yanke shawara ba zuwa ƙarshen wata zai ba wani. Ban ga laifinsa ba.

Ba za ki gane abin da ya sa abu kaɗan haka ya hana ni sakat ba sai na koma baya.

A shekarar 2014 na gama makarantar horon malamai, ina zaman jiran aiki. Zaman gida ya ishe ni, sai na riƙa shiga motar Rano daga Kibiya ina zuwa koyon buga takardu a shagon wani bawan Allah mai suna Isiyaku, kusa da tasha. Koyon buga takardun dai suna ne kawai, Allah ya sani. A bayan shagon akwai wani labule mai ruwan ƙasa, bayan labulen akwai benci ɗaya da kwamfuta ɗaya da hannayen wasa biyu, ɗaya ma an naɗe shi da salatif. A shekarar ne Isiyaku ya saka mata katin nan da ya ƙone daga baya, sabo fil, yana ta yi mana alfahari da shi kamar wanda ya yi sabon babur. Hajiya, har yau in na ji ƙamshin awara ya haɗu da hayaƙin janareta, wallahi sai in ji kamar ina kan bencin nan. Ƙwallo muke bugawa, wanda aka ci ya tashi. Ana kiran la'asar mu ajiye mu tafi masallacin tasha muna ta gardamar fenariti har bakin alwala.

A nan na haɗu da Hammadu. Bafulatani ne daga wata ruga a bayan Durba, tsarana ne, ranar kasuwa yake shigowa ya ba da cajin waya. Kasuwa uku yana tsayawa a bakin labule da sandarsa a kafaɗa yana kallonmu. Mu kuma muna ta tsokanarsa, muna cewa ya zo ya gwada mana ko ya ɗauka wannan ma da sanda ake kora ta. A kasuwa ta huɗu ya jingine sandar a bango, ya karɓi hannun nan mai salatif, ya zura min huɗu ban rama ko ɗaya ba. Ranar na sha dariya a wurin mutane har na ji kamar in nutse. Bai yi boko ba, amma ya haddace inda kowane rubutu yake a allon. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne idonsa. Mu ƙwallo muke bi da ido, shi kuwa filin yake gani gaba ɗaya. Zai ba da ƙwallo can gefe inda ba wanda ya lura akwai mutum. Da na tambaye shi sirrin, sai ya ce wanda ya tashi yana kiwon shanu hamsin dole ya iya ganin ta gefe ba tare da ya juya kai ba, in ba haka ba kullum yana gidan mai unguwa a kan ɓarnar gona.

Wasan yana ba mutum dama ya haɗa ƙungiyarsa da kansa, ya sa wa 'yan wasa sunan da ya ga dama. Sai muka haɗa tamu muka sa mata Durba. Da aka zo sunaye, ina shirin rubuta na abokanmu, sai Hammadu ya ce a'a, sunayen shanunsa za a sa. Yana faɗa ina bugawa. Ɓaleri, baƙin san da ya fi ƙauna, shi ne lamba tara. Daneri, farin nan mai sanyin hali, aka kai shi baya. Boɗeri, jan sa mai tunkuyi, aka sa shi tsakiya, kuma abin dariya, a wasan ma shi ya fi kowa karɓar jan kati. Haka har goma. Da aka zo kan gola sai ya ce shanu ba sa tsayawa wuri ɗaya, a sa ni, don ya lura na iya tsayuwa ina kallon abu yana wuce ni. Tun daga ranar sunana ya koma Golan Shanu. Har gobe akwai direbobi a tashar Rano da ba su san sunana na yanka ba.

Katin ma sai da Hammadu ya raɗa masa suna. Da Isiyaku ya gaya masa ɗan abin nan ba ya cin wuta, ƙaramin janareta ma yana ɗaukar sa tare da injin hoton takardun shagon, sai ya ce to wannan Bunaji ne, irin fararen shanun nan masu haƙuri da ɗan abin da suka samu. Yakan ce shi in zai sayi saniya, kafin ya je kara, wato kasuwar shanu, sai ya fara duba ciyawa da ruwan da ke kusa da gida, don babu amfanin kawo wadda za ka zuba ido tana ramewa.

Daga baya kowa ya samu babbar waya, aka daina zuwa bayan labule. Isiyaku ya rufe shago ya koma Kano, ya bar min kwamfutar da ɗan allonta mai shuɗin soket. Na kawo ta zaurenmu a Kibiya, na samu aiki, na yi aure, Hammadu ma ya yi. Duk ranar kasuwar Kibiya sai ya biyo, matata Kulu ta dama mana fura da nonon da ya kawo, mu buga biyu ko uku kafin ya koma. A daminar 2019 aka yi wata tsawa da rana tsaka na manta ban zare waya ba, katin ya ƙone. Na ce zan gyara wata mai zuwa. Watan nan bai zo ba har yau. Na sa ta a buhu na tura ƙarƙashin gado.

Su ma shanun haka suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Wurin kiwo ya yi ta matsewa, ciwo ya ɗauki wasu, wasu aka sayar. Shekarar da mahaifin Hammadu ya kwanta rashin lafiya aka kai Ɓaleri kara, ni na raka shi. Da aka ɗora san a mota sai Hammadu ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara. Yanzu noman albasa da masara yake yi, da 'yan tumaki. Wayar da hotunan shanun suke ciki ta faɗa rafi tuntuni. Duk duniya babu inda sunayen nan goma suke a rubuce sai a cikin buhun da ke ƙarƙashin gadona.

To ga inda na yi ɓarna. Wata bakwai da suka wuce, ina tsaye a layin 'yan hatsi a kasuwar Kibiya, sai ga Hammadu ya taho. Ya wuce ta gefena, kafaɗarsa ta kusa gogar tawa. Na ɗaga hannu na kira sunansa, amma injin niƙa yana ta ruri a wurin. Ko waiwaye bai yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Maimakon in bi shi in riƙo rigarsa kamar yadda muka saba, sai girman kai ya hana ni, na tsaya ina kallo har ya shige cikin mutane. Da yamma a majalisarmu bakina ya kufce, na ce albasa ta yi daraja bana, Hammadu ya daina ganin malaman firamare. Aka yi dariya. Kin san magana a ƙauye, ko kwana uku ba a yi ba ta isa Durba. Bai aiko ba, bai kira ba, ya kuma daina biyowa. Ni ma na ce oho, wanda ya ga dama.

Sai wata biyu da suka wuce Kulu ta je suna a Durba, ta haɗu da matarsa Laraba. Ta dawo tun kafin ta cire mayafi ta zauna a bakin gado tana kallona. Ashe Hammadu hawan jinin ido ne ya kama shi, ya daɗe yana cinsa a ɓoye. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma gefe da gefe duk ya rufe, saura tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Likitan ido a Kano ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ne ake ƙoƙarin riƙewa da maganin ɗigawa, kuma ba wanda ya san iya lokacin da zai riƙu. Ya hana a gaya wa kowa. Laraba ta ce ranar da maganata ta iske shi yana zaune a ƙarƙashin ɗorawa, bai yi fushi ba, cewa kawai ya yi, ai gaskiya Malam ya faɗa, na daina gani.

Hajiya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Mutumin da yake ganin ta gefe ba tare da ya juya ba! Na tsani bakina.

Washegari na jawo buhun na kai wa Jabiru. Ya karkaɗe kwamfutar, ya gwada da wani katin aro, sai ga ta ta tashi. Ma'ajiyarta, inda wasan yake, ba abin da ya same ta. Ƙungiyar Durba tana nan yadda muka bar ta, Ɓaleri a gaba, ni a raga. Sai da na fita bayan shago na share fuska. Nan take na ƙudura cewa zan gyara ta in ɗauka in kai masa har gida, ya ga shanunsa suna gudu a fili tun idon yana iya gani. Da ita nake so in shiga, ita za ta yi min magana, don ni ban san ta inda zan fara ba.

A nan ne na maƙale. Zuciyata tana ce min in ɗauki babban katin. Jabiru ya ce ƙarfinsa ya ninka na ƙaramin nesa ba kusa ba, yana ɗaukar wasannin da suka fito daga baya, hoto tangaran har gumin 'yan wasa kana gani. Sai nake tunanin mai raunin ido ai shi ya fi kowa buƙatar hoto mai kyau. Har na shirya in haɗa masa da babbar talabijin ɗin ɗakina, komai ya fito ƙato-ƙato. Amma Jabiru ya ce sai an canza akwatin wutar da ke cikin kwamfutar don tsohon ba zai iya ciyar da shi ba, kuma ba shi da shuɗin soket ɗin da ɗan allon Isiyaku yake shiga. Ga shi a gidan Hammadu babu wutar gwamnati, sola ce faranti biyu da batir ɗaya da 'yar inbata, da ita suke caji da kunna fitila. Ƙaramin kuwa sokawa kawai za a yi a kunna. Amma ina tsoron in kai masa tsohon hoto ya kasa gani, in ƙara masa baƙin ciki. Kuma ina jin nauyin a ce bayan abin da na yi masa, ƙaramin abu na iya kawowa.

Kulu ta ce ita ba ta san kati ba, abin da ta sani shi ne Durba ba Makka ba ce, babur ɗina ma yana zuwa. Sau biyu ina kaiwa mararrabar da ake juyawa, sai in ce bari dai in gama da maganar katin tukuna, in juyo. Kullum na wayi gari sai in ce ko yau ramin makullin nan ya ƙara tsukewa. Ina kewar abokina, Hajiya. Ina kewar bencin nan da labulen nan da shekarun da ba mu san akwai ranar da za mu tuna da su ba. Don girman Allah ki gaya min, wanne zan ɗauka?

Naki,
Golan Shanu, daga Kibiya

*

Wa alaikumus salam, ƙanena Gola.

Ban ce kai marar aikin yi ba ne. Na yi dariya a kan jan katin Boɗeri, daga baya kuma na cire tabarau na ajiye na ɗan jima. Allah ya ba Malam Hammadu lafiya, ya tsare masa abin da ya rage. Bari mu fara da abin da ka tambaya, sannan mu zo kan abin da ka zagaye.

Babban katin ba abin rainawa ba ne, kuma Jabiru bai yi maka ƙarya ba. Da a ce kanka za ka saya wa, kana da wuta tsayayya, kana son wasannin da suka biyo baya, da shi zan ce ka ɗauka ba tare da dogon tunani ba, ka canza akwatin wuta ka more. Gig takwas ba wasa ba ne, kuma zai fi daɗewa yana yi maka amfani. Amma ba tambayar da ke gabanka ke nan ba. Wasa ɗaya kake so ka kunna, na shekara goma da suka wuce, a gidan da batir ɗaya ne ke riƙe da fitila da cajin waya. Wutar da babban yake ci in wasa ya yi zafi ta kai ninki uku na ƙaramin. Ka kai shi can, ko hutun rabin lokaci ba lallai ku kai ba inbata ta fara kuka, ka bar Laraba da mataccen batir. Abokinka ya riga ya ba ka amsa tun a bayan labule: a duba ciyawar gida kafin a je kara. Ka ɗauki Bunaji.

Akwai kuskure guda da ƙauna ta sa ka yi, kuma ina so ka ajiye shi. Ƙarfin kati ba ya ƙara wa ido gani. Tsohon wasan nan, ko wane kati ka saka masa, iyakar kyan da aka yi shi da shi ke nan, kuma ƙaramin ya riga ya kai shi wannan iyakar, da idonka ka gani a shagon Isiyaku. Babbar talabijin ɗin ma ka bar ta a ɗakinka. Kai da kanka ka ce gefe ne ya rufe, tsakiya ta rage. Mai irin wannan gani in ka sa shi gaban ƙaton allo, gunduwa-gunduwa zai riƙa gani, sai ya yi ta juya kai yana neman ƙwallo. Ɗan ƙaramin allon nan da kake rainawa, in aka ɗan ja shi baya, mai yiwuwa filin gaba ɗaya ya shiga cikin abin da ya rage masa. Ni ba likita ba ce, don haka ku tambayi likitansa, ku kuma gwada, shi zai gaya maka inda ya fi gani. Ka sa wa Durba fararen riguna, abokan karawa baƙaƙe, a zauna a inuwa inda rana ba ta dukan allon.

Kafin ka karɓa, ka zauna a shagon Jabiru a saka katin a kwamfutarka, ba a tasa ba, a buga wasan nan awa guda cur. Ka saurari fankar, ka duba ko hoto yana yage-yage ko yana ɗaukewa in ya ɗauki zafi. Kayan hannu sai da haka, don wani lokaci sunan da ke jikin kwali daban, abin da ke ciki daban, kuma shi kansa mai sayarwa bai sani ba. Ka tabbata shuɗin soket ɗin yana nan, don ba kowane samfuri ke zuwa da shi ba, in babu Jabiru ya san 'yar adaftar da ake sa wa. Ka nemi hannu na biyu mai lafiya. In hadari ya haɗo kuma a zare waya, wannan karatun ka riga ka biya shi.

Yanzu sauran maganar. Ƙanena, wata biyu ba kati kake zaɓa ba. Da ka zaɓa, hanyar Durba ce ta rage, ita kuwa kake tsoro. Muddin katunan nan biyu suna durowar Jabiru kana da hujjar juyowa daga mararraba. Kulu ta gane wannan tun ranar farko, ka gaishe min da ita.

Ba zan ɗora maka laifin duka ba. Aboki ya goge ka a kasuwa bai waiwaya ba, kowa zai ji zafi, kuma ba ka san gaibu ba. Shi ma Hammadu yana da nasa kason. Fulako ya sa ya ɓoye ciwonsa har ga wanda ya raka shi sayar da Ɓaleri, kuma mutum in ya rufe ƙofa haka, bai kamata ya yi mamaki ba in an yi masa mummunar fassara. Amma naka ya fi nauyi, don shi shiru ya yi, kai kuwa ka kai shi majalisa. Saboda haka gyaran ma wuri biyu ne. Ka koma majalisar nan ka ce ka zalunci Hammadu, abin da ka faɗa ba haka yake ba. Ba sai ka bayyana ciwonsa ba, wannan sirrinsa ne har sai ya yarda.

Kuma kada ka bari kwamfuta ta nema maka gafara. Ba ita ta yi maganar ba. In ka shiga da ita a ka, za ku ɓuya a bayanta ku biyun, a yi dariya, a buga ƙwallo, maganar tana nan kwance a tsakaninku. Ka je hannu rabbana, ko da ɗan goro da sukari, ka zauna ka ce ka yi kuskure, ka ji kunya, ka yi kewarsa. Daga nan ka gaya masa Ɓaleri yana nan da ransa a lamba tara, ka tambaye shi ko yana so a kawo. Ka shirya wa kowace amsa. Zai iya cewa a kawo gobe. Zai iya cewa ba ya son ya gwada ya kasa a gaban iyalinsa, to sai ka ɗauko shi a babur zuwa zaurenka, ku biyu kawai. Zai iya yiwuwa ma sunayen kawai yake so a karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya zaɓa, nasa ne. In kuwa kun buga, kada ka kuskura ka bar masa ci don tausayi. Zai gane tun kafin ƙwallon ta shiga, kuma wannan zai fi maganar majalisa ciwo.

Abin da zai fi kowane kati amfani ga idon nan shi ne maganin ɗigawar kada ya yanke ko na kwana ɗaya, da komawa asibiti a ranar da aka ce. Hanyar Kano ga mai irin ganinsa ba ƙaramin aiki ba ce, tasha da tsallaka titi da layin asibiti. Ka zama kai ne mai raka shi. Ka kuma lallaɓa 'yan uwansa su je a auna su, don ciwon nan yakan bi dangi kuma ba ya sallama.

Shekarun bayan labule ba za su dawo ba, kuma ba laifi ka yi kewarsu, ni ma ina kewar shagona da ƙarar injin buga takardu. Amma mutumin da ya sa suka yi daɗi yana nan da ransa a ƙarƙashin ɗorawa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ka kira Jabiru yau ka ce ya ajiye maka ƙaramin. Ranar Juma'a in an sauko ka hau babur, in ka kai mararraba kada ka rage gudu.

Hammadu ya ce ka iya tsayuwa kana kallon abu yana wuce ka, ka kuwa tabbatar masa a layin 'yan hatsi. Wannan karon ka fito daga raga. In ka isa, kada ka zo masa ta gefe. Ka yi sallama da ƙarfi tun daga nesa, ka zagayo ka durƙusa a gabansa sak, daidai inda idon yake gani, ka bari ya kalle ka iya son ransa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya bar ku tare, ya sa Ɓaleri ya zura maka huɗu.

Taku,
Hajiya Ramlatu